Daga Rumfar Yadi: Tsohuwar Kwamfuta, A Yi Mata Magani Ko A Sallame Ta?

 

Wannan makon ba maganar bashi zan yi ba, ba kuma ta kuɗin lodin mota ba. Maganar wata tsohuwa ce da ke zaune a kusurwar ɗakinmu, wadda ta kusa haɗa ni rigima da 'yata ta biyu. Kwamfutar tebur ce, irin mai akwati da allo daban. Na san a cikinku akwai masu irinta a shago ko a gida, ana gyara hoton kaya da ita, ko hoton fasfo, ko na biki, kuma ta fara nishi. To ku matso, abin da ya same ni zan faɗa muku, da abin da na koyo da kuɗina.

A shekarar 2015 na saye ta, ta hannu ce, cikin irin kwamfutocin ofis da ake kwasowa daga Dubai. Lokacin ina da rumfa a Kasuwar Libiya, yammacin Umdurman, ina sayar da yadi da tob, wato lulluɓin nan na matan Sudan. Don lissafi na saye ta. Amma 'yata ta ɗora mata wani aikin: ta ɗauki hoton kaya, ta gyara haske, ta sa farashi, ta tura wa kwastomomi a WhatsApp da Facebook. Tun ina yi mata dariya har na daina, domin na ga mace tana Kasala ko Madani ta zaɓi tob a waya, ta turo kuɗi ta Bankak, mu sa mata a mota.

Sai ranar Asabar 15 ga Afrilu 2023 ta zo, muna cikin goman ƙarshe na azumi. Ba sai na ba ku labarin yaƙin ba, kun ji shi, wasunku ma sun gan shi. Cikin makonnin farko, da aka ɗan samu lafawa, babban ɗana ya ɗora kwamfutar a kan keken jaki ya kai ta gidan surukina a arewacin gari. Na yi masa faɗa a ranar. Na ce ka bar dilar yadi ka ɗauko ƙarfe? Ashe shi ya fi ni gani. Dilolin da muka bari ba mu sake ganin ko ƙyalle ba. Ita kuwa ta shekara biyu a ƙarƙashin gado, naɗe cikin tsohon bargo, mu kuma muna Gadarif muna zaman jira.

Ƙarshen watan Maris 2025 aka ba da sanarwar sojoji sun karɓe kasuwar. Mu sai bayan babbar Sallah muka dawo. Rumfa ba ƙofa, ba kanta, ba ko ƙusa. Da ɗan abin da 'yan uwa suka haɗa mini na sari kaya kaɗan, muka fara sayarwa daga gida. Kun ga ke nan hoto ya zama shi ne rumfar. Wanda ba zai zo ya taɓa yadi da hannunsa ba, abin da ya gani a waya shi zai saya.

Muka jona kwamfuta. Da farko ta yi ta kawo wani rubutu tana cewa ba ta san kwanan wata ba. Da ta tashi kuma, sai ka ɗora shayi, ya tafasa, ka sha, kafin ta buɗe manhajar gyaran hoto. Hoto goma sai ya cinye wa yarinya yamma guda. Fanka tana ƙara kamar raksha a hawa.

Abin da ya fasa ƙwai shi ne wata Hajiya a Kasala. Ta zaɓi tob guda shida, a hoto ta ga ruwan goro mai duhu. Da kaya suka isa ta ce wannan ai ja ne, ba shi ta zaɓa ba. Ta dawo da su, na biya kuɗin mota zuwa da dawowa, kuma har yau ba ta sake nemana ba. Asarar kuɗin ba ta dame ni kamar asarar mutuniyar ba, shekara bakwai muna ciniki.

Daren nan 'yata ta same ni. Ta ce, "Baba, wannan abar ta gama aiki. A saya mini laftof sabuwa, in ba haka ba za mu ci gaba da korar mutane." Na tambayi kuɗin. Da ta faɗa, na lissafa na ga ya kai rabin jarin da ke hannuna. Ku tuna, kafin yaƙi dala ɗaya tana wajen jinai 600, yanzu ta ninka haka sau da yawa, kuma duk wani kayan lantarki da dala ake auna shi. Na ce mata ba zai yiwu ba. Ta ce to ita ta ajiye aikin. Uwargida ce ta raba mu, ta ce, "Ku biyun nan babu likita a cikinku. Ku kai ta wurin wanda ya sani."

Muka kai ta wurin wani matashi mai gyara. Abin da ya burge ni da shi, bai ce a saya ba, bai ce a gyara ba. Cewa ya yi, "Ya Haj, bari mu tambaye ta inda ke yi mata ciwo." Ya danna Ctrl da Shift da Esc tare, wani shafi ya buɗe, ya shiga inda aka rubuta Performance. Ya ce wa 'yata ta buɗe hotunanta ta yi aiki yadda ta saba. Muna kallo. Wannan gwajin kowa zai iya yi a gida, kyauta ne.

Ga yadda na fahimci abin, da harshen kasuwa. Kwamfuta mutum uku ne ke aiki a cikinta. Akwai furosesa, shi ne yaron shago mai aunawa da yankawa. Akwai ram, shi ne teburin da ake baje yadi. Akwai faifan ajiya, shi ne sito. In tebur ƙarami ne, yaro zai yi ta zirga-zirga zuwa sito. In sito yana can ƙarshen kasuwa, ko yaron ya fi kowa zafin nama, kwastoma zai gaji da jira. Sau da yawa mukan zagi yaro alhali laifin tebur ne da nisan sito.

A tamu, faifan ajiya ya tsaya cak a kan 100 bisa 100. Ram, wanda gigabait 4 ne kacal, ya cika har wuya. Furosesa kuwa ko rabi bai kai ba, yana zaune yana jiran aiki. Mai gyara ya ce, "Ka gani? Yaron naka da sauransa. Tebur da sito za a canja."

Sito na farko. Tsohon faifai irin mai juyawa ne, a cikinsa akwai faranti da allura, yana karanta wajen megabait 100 zuwa 150 a daƙiƙa in yana cikin ƙoshin lafiya. Wanda ake kira SSD ba abin da ke juyawa a cikinsa, kuma irin wanda ke shiga tsofaffin kwamfutoci yana kai wajen megabait 500. A wajen buɗe ƙananan fayiloli masu yawa kuwa ratar ta fi haka nesa. In kuɗinka na abu ɗaya ne tak, SSD za ka saya. Muka sa mai gigabait 500, aka zuba Windows da manhajoji a kansa, aka bar tsohon faifan a ciki don ajiya.

Tebur na biyu. Don gyaran hoto gigabait 8 shi ne na talaka, 16 shi ne na kwanciyar hankali. Amma a kula, ram iri-iri ne. Tsofaffin injuna DDR3 suke ci, na bayansu DDR4, kuma ɗaya ba ya shiga ramin ɗaya, tsagar da ke jikinsu ma ba wuri ɗaya take ba. Kada ka aiki yaro kasuwa ya sayo maka "ram" kawai. Ka buɗe akwatin, ka ga ramuka nawa ne, ka ɗauki hoton takardar da ke manne a jikin na ciki, ko ka ciro shi ka tafi da shi. Zuwa da kai ya fi aike. Mu mun samu guda biyu masu 8, na hannu, aka gwada su a gabanmu.

Na uku shi ne wanda ban taɓa kawowa a raina ba, kuma shi ya jawo mini asarar Kasala: allon. Mai gyara ya ce in tsaya a gabansa in kalli hoton tob ɗin, sannan in ɗan rusuna, sannan in koma gefe. Wallahi launi uku na gani a yadi ɗaya. Ya ce wannan allon irin mai araha ne da aka yi don rubutun ofis, ga kuma tsufa ya sa haskensa ya koma rawaya. Yarinya tana gyara launi har ya yi daidai a idonta, amma a wayar Hajiya wani abu daban ne ke fitowa. Ashe ba laifinta ba ne, ba kuma laifin akwatin ba. Wanda ake nema don hoto shi ne allo irin IPS. Gane shi ba wuya: ka kalle shi ta gefe, in launi bai juya ba, shi ne. Muka sayi na hannu mai inci 24. Kafin ka biya, ka sa a buɗe maka fari fat, sannan baƙi ƙirin, ka duba ko akwai ɗigo ko tabo.

Ya ƙara wa 'yata dabara uku waɗanda ba sa cin ko sisi. Ta riƙa ɗaukar hoto a inuwa da hasken rana, ba ƙarƙashin ƙwan ɗaki ba. Ta ajiye farar takarda a gefen yadin, in takarda ta fito fara a hoto, launin yadi ma ya kusa gaskiya. Sannan kafin ta tura wa kowa, ta duba hoton a waya biyu daban, ga yadin a hannunta. Ni kuma na ƙara tawa ta ɗan kasuwa: kada a ƙawata kaya ya fi yadda Allah ya yi shi. Hoton da ya fi kaya kyau ciniki ɗaya yake kawowa, na biyu ba ya zuwa.

Sauran aikin shara ce. Wanda ya san habub, guguwar ƙurar nan ta Hartum da ke mai da rana dare, ya san abin da aka tarar a cikin akwatin. Aka busa ƙura, aka goge tsohon man da ke tsakanin furosesa da abin sanyaya shi aka shafa sabo, domin in ya bushe zafi yana taruwa, inji ya rage gudu da kansa don kada ya ƙone. A garin da zafi ke wuce digiri 40 ba ƙaramin abu ba ne. Aka canja ɗan batirin nan mai kamar kwabo, CR2032, shi ne ya mutu ya sa ta manta kwanan wata. Katin hoto kuwa ya ce mu bar shi. Yanke hoto da gyara haske da rubuta farashi ba sa bukatarsa, kuma irin waɗannan akwatunan ofis wutarsu ba ta ɗaukar babban kati. Mai haɗa bidiyon biki, shi ne maganarsa daban.

Duka abin da na kashe, har da allo, bai kai kashi ɗaya cikin uku na kuɗin laftof ɗin ba. Yanzu kafin ka zuba shayi a kofi ta tashi.

Amma kada wani ya karanta wannan ya ce mai rumfar yadi ya ce kullum gyara ya fi. A'a. 'Yata tana da hujja biyu da ban iya ture su ba, kuma adalci ne in faɗe su.

Ta farko, wuta. Tashoshin lantarki sun sha wuya a yaƙin nan, wuta sai ta ga dama. Akwati da allo suna shan wat 100 ko fiye in ana aiki, kuma da an ɗauke wuta sun mutu nan take, aikin da ba a adana ba ya tafi. Laftof tana shan ƙasa da haka sosai, ga batirinta a jiki, ƙaramar sola ma ta riƙe ta. In kana inda wuta ba ta da tabbas, ka sa kuɗin UPS a cikin lissafin gyara, in ba haka ba lissafinka bai cika ba. Mu mun dace surukina ya ba mu aron nasa.

Ta biyu, shekaru. Kamfanin Microsoft ya rufe tallafin da ya saba bai wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025. Windows 11 kuwa, a ƙa'idarsa, yana neman furosesan Intel daga zuriya ta 8 zuwa sama, waɗanda suka fara fitowa a 2017. Tamu zuriya ta 3 ce, ta 2012. Gane zuriya ba wuya: in ka ga i5-3470, lambar farko bayan ɗan layin ita ce zuriya, wato ta 3. In ka ga i5-8500, ta 8 ce. Masu sayarwa sukan ce maka "Core i7 ce fa, Alhaji," su yi shiru a kan zuriya. Alhali i5 ta zuriya ta 8 ta fi i7 ta zuriya ta 3 ƙarfi. Kamar a ce maka shadda ce, ba a faɗa maka wace iri ba.

Saboda haka muka kafa doka a gida: wannan kwamfutar ta hoto ce. Ba a shiga banki da ita, ba a sauke tarkace daga intanet. Kuma na hana a zuba mata manhajar sata, irin wadda ake cewa an fasa, don ta nan ɓarayin bayanai suka fi shigowa. Photoshop tun 2013 ya koma biyan kuɗi wata-wata. Wanda ba zai iya ba, akwai GIMP, kyauta ce ta halal, kuma ta isa duk aikin da ɗan kasuwa ke bukata. Yarinyar ta yi mako biyu tana guna-guni, yanzu hannunta ya saba.

Ga ma'aunin da na fitar wa kaina, wanda ya ga ya yi masa ya ɗauka. In injinka ya girmi zuriya ta 2, ko bai iya ɗaukar ram sama da gigabait 8, ko yana mutuwa da kansa bayan an share shi, kada ka zuba masa kuɗi, sallame shi. In kuɗin gyara ya kai rabin kuɗin ta hannu mai zuriya ta 8, ka ƙara haƙuri ka tara ka sayi waccan. In kuwa gwajin nan ya nuna faifai da ram ne suka gaza, gyara. Kuma ka fara da abin da zai bi ka zuwa sabon gida: allo da SSD duk za su yi aiki a kwamfutar da za ka saya nan gaba, ram ɗin DDR3 ne kaɗai zai mutu tare da tsohuwar. In za ka sayi ta hannu, kada ka biya sai an kunna ta a gabanka ta yi aiki rabin awa, an kuma buɗe ƙaramar manhajar nan CrystalDiskInfo ka ga lafiyar faifan da yawan awannin da ya yi yana aiki. Araha ba ta ado.

Na bar babbar magana sai ƙarshe. Lokacin da mai gyara ya duba tsohon faifanmu, ya ce ya fara nuna alamar rauni. Sai gabana ya faɗi, domin na tuna abin da ke ciki. Ba hoton yadi kaɗai ba. Akwai hoton kakana, wanda aka ɗauka a Maiwurno, garin nan na bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, da mutanenmu suka kafa bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa ya ja sauran jama'a zuwa gabas. Hoto ɗaya ne tak muke da shi na tsohon, yana zaune da rawaninsa. 'Yata ta kwafe shi a kwamfuta shekarun baya, ta goge tabon ruwa da ke fuskarsa. Na takardar yana cikin akwatin da muka bari a gida. Akwatin bai tsira ba. Akwai hotunan auren babbar 'yata, da na mahaifiyata kafin ta rasu, da takardun rumfa. Duk suna kan faranti ɗaya mai shekara fiye da goma, wanda ya hau keken jaki ya sauka.

A ranar, kafin a taɓa komai, na sa aka kwafe su. Yanzu suna wuri uku: a cikin kwamfuta, a wani faifai na waje da ke gidan ƙanena a Gadarif, mafi muhimmanci kuma a ma'ajiyar intanet. Kada ka dogara da intanet kaɗai, mu da muka ga yadda layuka suka ɗauke a watan Fabrairu 2024 mun san haka. Kada kuma ka dogara da abin da ke ɗaki ɗaya da kai, mun ga yadda ɗaki ke zama kango. Mai gyara ya ƙara da cewa don ajiyar shekaru a cikin akwati, faifai mai juyawa ya fi SSD, domin shi SSD in ya daɗe ƙwarai ba wuta, musamman a wuri mai zafi, yana iya fara mantuwa. Kwamfuta ana sayen wata. Fuskar kaka ba a sayar da ita a kowace kasuwa. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya: ranar da za ka gudu ba za ka samu awa uku na kwafe hotuna ba.

Ni da 'yata mun shirya. Yarjejeniyarmu ita ce, duk kayan da aka sayar ta hanyar hotonta, ana cire wani abu a jefa a asusu. Ranar da ya cika za ta sayi laftof ɗinta, ta hannu mai zuriya ta 8 ko sama, ta jona ta da wannan allon. Ita ke riƙe da littafin, kuma na lura ba ta yafe mini ko jinai ɗaya. Jiya ta ce, "Baba, saura kaɗan mu kai rabi." Na ce Allah ya sa albarka. Tob shidan nan da aka dawo da su, ta sake ɗaukarsu da farar takarda a gefe, huɗu sun tafi Bur Sudan, ba wanda ya dawo.

Wanda ke da tsohuwa irin tawa, yau ɗin nan kafin ya kwanta ya kwafe hotunan iyalinsa. Maganar gyara ko saye ta jira gobe.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu taɓa maganar aika kaya a mota ba tare da rasit ba, da wanda ya kamata ya ɗauki asara in kaya suka ɓata a hanya. Allah ya zaunar da Sudan lafiya, ya mayar wa kowa abin da ya rasa da mafi alheri, ya sa mu gama da iyayenmu lafiya.

Naku, mai rumfar yadi, daga Umdurman.